DAGA GORA ZUWA JARKA: TARIHIN ƊAURA RUWA A BAYAN KEKE A ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI

Darasinmu na yau na tarihi ne, a kan wata fasaha da muke gani kullum amma ba mu cika ɗaukarta a bakin komai ba: yadda ake ɗaure ruwan sha a bayan keke har a kai inda za a je bai faɗi ba.

Kada ka ce ai wannan ƙaramar magana ce. Duk wanda ya saba bin titin Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori da sassafe a lokacin damina ya san yadda manoma ke jerowa a kan kekuna, fartanya a saƙale, galan ɗin ruwa a kariya. Wani sai ya yi tafiyar awa guda kafin ya kai gona. In galan ya sulluɓe a hanya bai ankara ba, aikin ranar ya samu tangarɗa ke nan: ko ya juya nema, ko ya tashi tun kafin azahar, ko ya sha ruwan kududdufi. Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, ga shi kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da masu noman rani ke fama a fadamun Ɗanja da Kafur, zafi kan doshi digiri 40.

Sannan tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama sun jingine babura sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Tambayar da kakanninmu suka amsa tuntuni ta sake dawowa: ina za a sa ruwan, kuma da me za a riƙe shi?

KAFIN KEKE YA ZO

Matafiyin da can goransa na duma ne. Ana shuka duma, ya nuna, ya bushe, a fafe shi, a jiƙa shi kwana da kwanaki har ɗacin ya fita. Shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai gora mai faɗin ciki, akwai gyandama mai dogon wuya. Fatake da makiyaya masu doguwar tafiya kuwa sukan riƙe salka, wato jakar ruwa ta fatar akuya.

Ka dubi ƙirar gora da kyau, za ka ga Allah Ya yi shi da wurin kamawa. Yana da ciki, yana da wuya, wani ma har da ƙugu a tsakiya. In ka zagaya igiya a wuyan nan, ba ta da hanyar zamewa, don sama da ƙasa duk sun fi wurin kauri. Wasu sukan saƙa masa raga ta igiyar rama ta rungume shi gaba ɗaya, a toshe bakin da totuwar masara ko tsumma, a rataya a kafaɗa ko a gefen jaki. Ruwa ne ko farau-farau, haka zai kai gona lafiya lau.

Riƙe wannan a ranka, don shi ne jigon labarin: abin ruwa a wuya ko a ƙugu ake kama shi. Duk sauye-sauyen da suka biyo baya, ƙoƙari ne na dawo da wannan wurin kamawa da aka rasa.

AUDUGA CE TA JAWO KEKE

Shi keke baƙo ne. Wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na farko a 1817, na katako, babu feda, da ƙafa ake tura shi. A 1885 John Kemp Starley na garin Coventry a Ingila ya fito da siffar da muka sani yau: tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya, da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. A 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi wa tib faci a mayar. Kada ka manta da wannan tib ɗin, za mu dawo kansa.

To me ya kawo keke ƙasar Maska da ƙasar Galadiman Katsina? Auduga. Masaƙun Ingila na neman auduga ido rufe, sai aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester a 1902 don bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila ke mulka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa. Funtua da take ƙaramin gari ta koma matattarar 'yan kasuwa da ma'aikata.

Da kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa fuloti, ya karɓi kuɗi a dunƙule. Bayan haraji da sutura da hidimar aure, babban abin da saurayi ko magidanci ke buri shi ne keke. Kantunan manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt suna kawo su, kuma sarkinsu shi ne Raleigh na garin Nottingham, wanda mutanenmu ke kira Rali. Akwai ma wata shahararriyar tallarsa da ake nuna mutum a kan keke ya tsere wa zaki. Kasuwarsa ta buɗe a Najeriya har ta kai kamfanin ya kafa masana'antar kekuna a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka shigo da ƙira iri ɗaya a farashi mai sauƙi.

KEKEN DA BA A YI SHI DON ƘISHIRWA BA

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan baƙin keke mai taya inci 28 da birkin ƙarfe an tsara shi ne don ma'aikacin Ingila, ƙasar sanyi, mai zuwa aiki ya dawo cikin gari. An yi masa ƙararrawa, an yi masa wurin famfo, an yi masa 'yar jakar sifana a bayan sirdi, amma ba a yi masa wurin ruwa ba ko ɗaya.

Mutanenmu suka fara da abin da suka saba: rataya gora a kan keke, wato a hannu. Sai dai gora a rataye lilo yake yi. Yana bugun gwiwa, yana bugun ƙarfe, yana jan kan keken gefe guda, in aka faɗa rami kuma ya fashe. Aka koma kariya. A nan ma igiyar rama ko ta kaba ba ta yi ba. Me ya sa? Igiya ba ta miƙewa. Ka ɗaure tamau a ƙofar gida, amma kowane gargada na hanya yana ɗan motsa kayan, igiyar ta ɗan saki, kuma abin da ta saki ba ta mayarwa. Kafin ka yi nisa ɗaurin ya zama sako-sako.

Maganin sai ya fito daga jikin keken kansa. Tib ɗin da ya sha faci har ya gaji, maimakon a yar, sai mai gyaran keke ya tsaga shi tsawo-tsawo da reza. Ga roba ta samu. Daga baya aka koma yanka tib ɗin mota da na babur, waɗanda suka fi kauri, har sayar da roba ya zama sana'a a kasuwannin Funtua, Ɗandume, Bakori da Malumfashi.

Bambancin roba da igiya shi ne ita a miƙe ake ɗaura ta, don haka kullum tana ƙoƙarin komawa yadda take. In kaya ya motsa ya bar ɗan gurbi, nan take ta matse gurbin. Sannan jikinta na kama abu, ba ya santsi. Da wannan 'yar tsagar tib aka kai buhunan masara kasuwa, aka kai ƙullin rake, aka kai takin zamani gona, aka kuma kai ruwa. Babu wanda ya san sunan wanda ya fara, amma ya warware matsalar da masana'antar Nottingham ba ta ma yi tunaninta ba.

GALAN, JARKA DA RUWAN LEDA

Shekarun 1970 sun sauya yankin sosai. A tsakiyarsu aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa ƙasar Funtua da ta Malumfashi. Aka yi hanyoyin karkara, aka buɗe cibiyoyin sayar da taki da iri, masara ta zama babban amfanin gona. Gonaki suka faɗaɗa, suka ƙara nisa da gari, keke kuma ya samu hanyar bi.

A daidai wannan zamani kayan roba suka cika kasuwa. Galan ɗin man gyaɗa da na man juye, da jarka, suka ture gora gefe. Ita jarka asalinta ta ƙarfe ce, Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu a shekarun 1930, tana cin lita 20. Sojan Ingila suna yi wa Jamusawa laƙabi da Jeri, daga nan sunan ya samo asali har ya iso bakinmu ya zama jarka.

Galan ya fi gora ta fuskoki da yawa: ba ya fashewa, yana da murfi mai zare, yana da gindi shimfiɗaɗɗe da ke zama daram a kariya, yana da hannu da za a ratsa roba ta ciki. Amma ya zo da nasa matsalolin. Na farko, ruwa na zafi a cikinsa. Sai mutane suka ɗauko dabarar randa da salka, waɗanda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa: aka riƙa ɗinka wa galan riga ta tsohon buhu ko tsumma, a jiƙa ta. Iskar tafiya na busar da rigar, tana janye zafin. Wani abin sha'awa, rigar nan ta kuma kashe santsin galan, roba ta samu wurin kamawa.

Akwai kuma dalilin lafiya da ya sa ɗaukar ruwa daga gida ya zama dole. Dattawa suna tuna kurkunu, cutar da ake ɗauka ta shan ruwan tafki, wadda kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. An yi doguwar gwagwarmaya da ita, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suna kan gaba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. Kurkunu ya tafi, amma tsargiya, taifot da amai da gudawa suna nan a ruwan da ba shi da tsabta. Galan ɗin da ya faɗi a hanya yana iya ƙarewa da kwanciya asibiti.

A shekarun 1990 ruwan leda, wato fiya-wata, ya bazu, sannan robar ruwan kwalba ta biyo baya. Su ne mafi sauƙin samu, kuma su ne mafi wuyar ɗaurewa. Leda na fashewa in roba ta matse ta. Robar ruwa kuwa siririya ce, mai santsi, kuma tana lotsewa: da ka sha rabi sai jikinta ya yi laushi, ɗaurin da ka yi tana cike ya saki.

SU MA 'YAN TSERE SUN SHA FAMA

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A can Turai, masu tseren keke sun daɗe suna kokawa da wannan matsala. An fara gasar Tour de France a 1903, kuma shekaru da dama 'yan tsere a gaban keke suke ɗora ruwansu, cikin gwangwanin alminiyam mai toshiya. Sannu a hankali suka gane nauyi a kan keke yana hana sarrafa shi, sai suka sauko da ruwan zuwa ƙarfen da ya gangaro daga wuyan keke zuwa feda. A shekarun 1950 gorunan roba suka maye gurbin na ƙarfe.

Daga nan aka samu ma'auni da kusan duk masana'antu ke bi: noti biyu a jikin keke, tazarar milimita 64 a tsakaninsu, da goran roba mai faɗin kusan milimita 74. Ka duba goran 'yan tsere, za ka ga wani lotsawa da ya zagaye shi kusa da sama. Ba ado ba ne. Nan ne harshen mariƙin ke shiga ya kama shi. Wato bayan duk bincikensu, ƙugun gora suka sake ƙirƙirowa.

Mariƙin bayan sirdi kuwa ya yi tashe ne a wajen masu gasar nan mai haɗa iyo, keke da gudu, wadda babbarta, Ironman, ta fara a Hawaii a 1978. Suna ɓoye goruna a bayansu don kada iska ta rage musu gudu. Sai ga shi wurin ya yi ƙaurin suna wajen harbo gora waje da zarar an taka gargada. Maganin da da yawansu ke yi har yau? Su zagaya 'yar roba a wuyan goran. Dabarar manomin Bakori ke nan.

Kuma goran da ya faɗi ba asarar ruwa kaɗai ba ce. A watan Oktoba na 2020, a gasar Giro ta Italiya, Geraint Thomas, wanda ya ci Tour de France a 2018, ya taka goran da ya kuɓuce wa wani ya gangaro kan titi. Ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya tsage, ya fita daga gasar. Ka kwatanta da galan mai lita 4 da ya faɗo gaban mai babur a titin Funtua zuwa Yashe.

ME YA SA BAYA YA FI JEFAR DA KAYA?

Dalilai huɗu ne.

Na ɗaya, kariya tana daidai saman tayar baya, kuma tayar baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinka. Duk ramin da ta faɗa, bugun kai tsaye yake hawowa.

Na biyu, duk abin da ya zarce tsakiyar tayar baya ya zama kamar wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta bas: shi ya fi kowa shan jijjiga. Yana kuma rage wa tayar gaba nauyi, kan keke ya riƙa rawa.

Na uku, ruwan da bai cika ba yana kai-komo. Lita guda kilo guda ce. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce zaune wuri ɗaya. In rabi ce, kilo 12 da ɗoriya ne ke dukan gefe da gefe a kowace kwana.

Na huɗu, ba ka da ido a ƙeya. Abin da ke gabanka za ka ga ya fara zamewa. Na baya sai dai wani ya kira ka.

YADDA ZA KA YI AMFANI DA WANNAN TARIHI

1. Duba jikin kekenka. In irin na gwanjo ne mai giya, wanda ake kira Beljiyam, akwai yiwuwar ka ga noti biyu a ƙarfen da ke tsakanin ƙafafunka. Mutane da yawa ba su san amfaninsu ba. Wurin mariƙin gora ne, kuma ya fi ko'ina aminci, don yana ƙasa, yana tsakanin tayoyi, kana kuma ganinsa.

2. Robar ruwan kwalba ta fi mariƙin siranta, shi ya sa take tsalle ta fita. Sa mata tsohuwar safa, ko ka naɗa mata roba zagaye biyu ko uku har ta shiga da ɗan ƙarfi. In mariƙin na ƙarfe ne, cire goran ka ɗan matse shi da hannu.

3. In mariƙinka a bayan sirdi yake, daidaita shi ya tsaya kusan a miƙe, kada ya kwanta baya. Ɗaura 'yar roba a jikinsa ka riƙa zarga ta a wuyan goran. Riƙa duba notocin, don jijjiga na kwance su.

4. A kariya, matso da galan kusa da sirdi. Shimfiɗa buhu ko tsumma a ƙasa. Fara ratsa roba ta cikin hannun galan, sannan ka ɗaure ta hanya biyu, gaba da baya, dama da hagu. Ko ɗaurin ya saki, hannun zai riƙe shi.

5. In ruwan da yawa ne, raba shi biyu, ka rataya a gefe da gefen tayar baya, nauyi ɗaya. Galan biyu cikakku sun fi jarka ɗaya rabi.

6. Cusa bakin robar da ya rage. In ya yi reto ya shiga waya ko sarƙa, faɗuwa ce. Lokacin jan roba kuma kawar da fuskarka, don in ta tsinke ido take nema. Robar da ta fara tsattsagewa saboda rana, canja ta.

7. Wannan ya fi duka muhimmanci: kada ka taɓa zuba ruwan sha a galan ɗin maganin feshi, na ciyawa ko na ƙwari, ko wanda aka taɓa zuba fetur. Wanki ba ya fitar da gubar daga jikin roba. A yankin da kusan kowane gida ke da irin waɗannan galan, wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa, musamman ga yara masu kai abinci gona.

8. Kafin ka hau, ɗaga bayan keken kaɗan ka sake shi ya bugi ƙasa. In galan ya motsa a tsakar gida, to a hanya faɗuwa zai yi. Gyara tun yanzu.

A TAƘAICE

Cikin shekaru kusan 100, abin ruwanmu ya tashi daga duma zuwa galan, zuwa leda da robar kwalba. Keke ya tashi daga Rali zuwa Phoenix zuwa Beljiyam. Amma ƙa'idar ba ta sauya ba: kama shi a wuya ko a ƙugu, ajiye shi ƙasa kuma kusa da tsakiyar keke, cika shi, ka ɗaure da abin da ke miƙewa. Tsohon tib ɗin da ke yashe a rumfar mai faci ya isa ya yi maka wannan aiki.

Ku faɗa mana, a garinku yaya ake ɗaura ruwa a keke? Akwai wanda har yanzu yake da goran duma ko tsohon Rali a gida? A tura wa 'yan'uwa masu zuwa gona da ɗalibai masu zuwa makaranta a keke. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.